Dillancin Tafiye-tafiye Daga Gida: Sana'a Ce Ko Kasuwancin Kawo-Mutum?

Wata malamar makaranta a nan Damagaram ta aiko mini da tambaya, ta ce ƙawarta ta saka ta a wani zauren WhatsApp inda ake kiran mutane su zama dillalan tafiye-tafiye daga cikin ɗakunansu. An gaya mata za ta biya jika 120, wato sefa 120,000, kuɗin shiga, sannan jika 25 kowane wata, a ba ta shafin intanet mai ɗauke da sunanta da katin shaida, ta riƙa sayar da tikitin jirgi da ɗakin otal tana samun la'ada. An ƙara da cewa idan ta kawo mutum 3 za a yafe mata kuɗin wata, kuma duk wanda waɗannan ukun suka kawo, tana da kaso a kansa. Tana so ta san ko wannan sana'a ce ta gaskiya, ko kuwa irin kasuwancin nan ne na kawo wani ya kawo wani.

Ƙanwata, na yi shekaru ina yanka tikiti a ajans, a Yamai da nan gida, tun zamanin tikitin takarda mai jan kabon, kafin ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta daina shi a 2008. Amsar da zan ba ki ita ce, dillancin tafiya daga gida sana'a ce da ake yi, akwai masu ci da iyalinsu da ita, kuma da yawa daga cikin kamfanonin da suke ɗaukar irin waɗannan dillalai ba su da alaƙa da kawo-mutum ko kaɗan. Amma wannan da kika siffanta mini, mai yafe kuɗin wata idan an kawo mutum 3, mai biyan kaso a kan mutanen mutanenki, talla ce mai hawa-hawa, wadda 'yan boko suke taƙaita sunanta da MLM, kuma babu wani suna da za a sa mata ya canza hakan.

Bari in fara da yadda sana'ar take a asalinta, domin sai an san na ƙwarai ake gane jabu. Dillalin tafiya ba shi da bambanci da dillalin da kika sani a kasuwar dabbobi: akwai mai kaya, akwai mai saye, shi kuma yana tsakiya yana cin la'ada idan ciniki ya faɗa. Mai kaya a nan shi ne kamfanin jirgi, ko otal, ko jirgin ruwan yawon shaƙatawa. Kafin ajans ta iya fitar da tikitin manyan kamfanonin jirgi da kanta, sai IATA ta amince da ita ta ba ta lamba, sai ta ajiye lamunin banki, sai ta shiga tsarin biyan kuɗi da ake kira BSP, wanda ta cikinsa ake tattara kuɗin tikitocin da aka sayar a miƙa wa kamfanonin jirgi a kan lokaci, sannan tana bukatar manhajar ajiye kujera irin su Amadeus ko Galileo ko Sabre da ma'aikacin da ya iya aiki da ita. Wannan nauyi ya fi ƙarfin mutum ɗaya da ke zaune a gida. Saboda haka a Amurka aka sami manyan ajans da suke zama uwa ga ƙananan dillalai: uwar tana riƙe da lamba da lamuni da yarjejeniyoyi, ɗan dillali yana kawo matafiya, idan la'ada ta fito a raba, sau da yawa shi ya ɗauki kashi 70 ko 80 cikin 100. Abin ya bunƙasa ne bayan kamfanin Delta ya sa wa la'adar tikiti iyaka a 1995, sannan a 2002 manyan kamfanonin jiragen Amurka suka soke ta, shaguna da yawa suka kasa biyan haya, ma'aikatansu suka koma gida da kwamfuta da tsofaffin abokan cinikinsu. Ki lura da su wane ne suka koma gidan: mutane ne da suka riga suka iya aikin kuma suke da masu saye a hannu. Irin wannan uwar ajans takan karɓi ɗan kuɗin hidima, amma abincinta yana cikin tafiyar da aka sayar, shi ya sa ba ta marmarin tara dillalan da ba sa sayar da komai.

Daga baya wasu suka gano cewa sunan "dillalin tafiya" da kansa haja ne mai tsada, domin mutane suna sha'awar jirgi da otal da hoton bakin teku. Sai suka juya cinikin. Maimakon a nemi matafiyi a sayar masa da tikiti, sai a nemi mai neman sana'a a sayar masa da shafi da kati da kuɗin wata, a kuma ba shi kaso idan ya kawo wani mai neman sana'ar. A nan ne ake gane komai, kuma ma'aunin da hukumomi suke amfani da shi ke nan. Hukumar kula da ciniki ta Amurka, FTC, ta kafa shi tun 1975 a shari'ar kamfanin Koscot: idan mutum ya biya kuɗi don ya sami damar sayar da kaya da kuma damar cin lada a kan shigo da wasu, ladan da bai rataya a kan sayar wa masu amfani na gaskiya ba, to wannan tsarin dala ne, mai faɗin gindi da tsinin kai kamar dalar gyaɗa. A 1979 hukumar ta wanke kamfanin Amway saboda yana da dokokin da suke tilasta sayar wa mutanen waje da karɓar kayan da suka yi kwantai, kuma daga wannan hukunci ne talla mai hawa-hawa ta sami gindin zama a doka. A 2016 kuma kamfanin Herbalife ya biya dalar Amurka miliyan 200 aka kuma tilasta masa ya sake tsarin biyansa ya dogara ga cinikin gaskiya. Abin nufi shi ne, a dokar ƙasashe da dama ba kowace talla mai hawa-hawa ce haramtacciya ba, amma iyakar da ke tsakaninta da tsarin dala siririya ce, kuma tambaya ɗaya ce take raba su: kuɗin da ake rabawa, daga aljihun matafiyi ya fito ko daga aljihun sabon shiga?

A harkar tafiye-tafiye an riga an ga amsar wannan tambaya da alƙaluma. Kamfanin YTB na jihar Ilinoyi, wanda aka kafa a 2001, yana karɓar kusan dalar Amurka 450 kuɗin shiga da kusan 50 kowane wata, yana ba mutum shafin sayar da tafiya, daidai da abin da aka yi miki tayi. A 2007 kamfanin jiragen ruwa na Royal Caribbean ya daina hulɗa da shi. A 2008 babban lauyan gwamnatin jihar Kalifoniya, Jerry Brown, ya maka shi a kotu ya kira shi ƙaton tsarin dala, kuma abin da ƙarar ta bayyana shi ne a shekarar 2007 mutane sun biya kamfanin sama da dalar Amurka miliyan 100 kuɗin shafi, alhali la'adar tafiyar da suka samu gaba ɗaya ba ta wuce wajen miliyan 13 ba, kuma fiye da rabinsu ba su sami ko la'ada ɗaya ba. An sasanta a 2009 a kan miliyan 1 da sharaɗin sauya tsari, a 2013 kamfanin ya nemi kariyar kotu saboda karyewa. WorldVentures na jihar Teksas, masu ɗaga shuɗin allo a hotunan yawon buɗe ido, hukumar ƙasar Norwe ta yanke a 2014 cewa tsarinsu dala ne da doka ta hana, kuma a ƙarshen 2020 su ma suka nemi kariyar kotu. TVI Express, wanda yake karɓar dalar Amurka 250 da alkawarin takardar kwana a otal, ya ratsa ƙasashen Afirka kafin hukumomin Namibiya da Afirka ta Kudu su haramta shi, kotun Ostireliya ma ta same shi da laifin tsarin dala.

Adalci ya sa in ambaci wani nau'i da ya fi waɗannan wuyar yanke wa hukunci. Akwai inda aka raba gidan biyu, kamar InteleTravel, wanda uwar ajans ce ta gaske da take sayar da tafiya har ta shiga ƙungiyar dillalan tafiya ta Ingila, ABTA, a 2019, da kuma PlanNet Marketing, wanda shi ne yake shigo mata da dillalai ta hanyar talla mai hawa-hawa. Mutum yana iya shiga na farko bai taɓa na biyu ba, shi ya sa idan kika ce musu kawo-mutum ne sai su ce a'a, ba dole ba ne. Maganar tasu tana da gaskiya a takarda. Abin da nake dubawa ni shi ne wane ɓangare ne wanda ya gayyace ki yake ci da shi, kuma a kan wane ɓangare ake ɓata lokaci a taronsu. Idan an yi awa guda ana zancen matsayi da kaso da motar da wani ya saya, ba a yi minti biyar a kan yadda ake canza ranar tikiti ko mayar da kuɗin wanda ya fasa tafiya ba, kin riga kin san abin da ake sayarwa.

Yanzu mu ajiye Amurka mu dawo Damagaram, domin nan ne zancen ya fi damuna. Mu ɗauka kamfanin naku mai gaskiya ne ƙwarai, mu yi lissafi da kuɗin da kika faɗa. Jika 120 da jika 25 sau 12 sun kama jika 420 a shekarar farko. La'adar otal da aka saba ita ce wajen kashi 10 cikin 100, idan aka ba ki kashi 70 na wannan, kin tashi da kashi 7 na abin da matafiyi ya biya. Kafin ki mayar da jika 420 ɗinki, ba riba ba, uwar kuɗi kawai, sai kin sayar da kwanan otal na sefa miliyan 6 a cikin shekara, kuma la'adar ba ta fitowa sai bayan mutum ya je ya kwana ya dawo, wani lokaci da makonni ko watanni. Ki zauna ki lissafa mutanen da kika sani daga Birni zuwa Zango zuwa Sabon Gari, ki ga su wa za su saya. Hajar da take da la'ada mai kauri a wannan tsari ita ce yawon jirgin ruwa da otal-otal na bakin teku, an gina ta ne don iyalin da suke ware kuɗin hutu kowace shekara suna biya da katin banki. Mutanenmu suna tafiya ƙwarai, jikokin fatake ne da suka san hanyar Kano da Agadas da Tarabulus tun zamanin ayari, amma tafiyarsu ta ibada ce da fatauci da neman magani da karatu.

Ki dubi waɗannan ɗaya bayan ɗaya. Hajji, wanda shi ne babban cinikin shekara, yana ƙarƙashin hukumar shirya Hajji da Umara ta Nijar, COHO, kuma ajans ɗin da gwamnati ta amince da su ne suke ɗaukar maniyyata a cikin adadin kujerun da Saudiyya ta ba Nijar. Shafin wani kamfani na ƙetare ba zai ba ki kujera ko ɗaya ba, kuma duk wanda ya karɓi kuɗin maniyyaci da wannan shafi ya ɗauko wa kansa abin da zai kai shi gaban alƙali. Umara ma tana tafiya ne ta hannun masu izini da tsarin Saudiyya na Nusuk. Ɗan kasuwar da zai je Dubai ko Istanbul ko Sin, da mara lafiyar da za a kai Alƙahira ko Tunis, tikitin jirgi suke nema, daga Yamai ko daga Kano wadda ta fi kusa da mu, kuma tikitin jirgi shi ne hajar da la'adarta ta kusa ƙarewa a duniya. Ajans a yau tana rayuwa ne da kuɗin hidimar da take ɗorawa a kai, kuma Alhaji yana yarda ya biya wannan kuɗin ne domin ya san idan jirgi ya tashi ya bar shi a Adis Ababa da tsakar dare akwai wanda zai kira ya gyara masa, akwai kuma shagon da zai je ya zauna idan kuɗinsa ya maƙale. Sau da yawa ma bashi ake ba shi tikitin, ya biya bayan ya dawo da kaya, ko ya aiko ta kamfanin aika kuɗi na Nita ko Amana. Shafin da aka ba ki ba ya ba da bashi, ba ya karɓar tsabar kuɗi, kuma farashinsa da wuya ya fi wanda kowa zai gani a shafin kamfanin jirgin. Masu zuwa Yamai da Maraɗi da Agadas kuwa, tasha suke zuwa su yanki tikitin mota.

Idan tafiya ba ta sayuwa, kuɗin wata kuma yana cin albashi, ƙofa ɗaya ce ta rage, ita ce ta kawo mutum 3. A nan ne mutanen kirki suke faɗawa, ba don mugunta ba, sai don neman tsayar da asara. Lissafin wannan ƙofa kuwa ba ya bukatar a yi wa kowa mummunan zato. Idan kowane mutum zai kawo 5, hawa na farko mutum 5 ne, na biyu 25, na uku 125, na takwas 390,625, wanda ya zarce yawan mutanen birnin Damagaram a ƙidayar 2012, na goma sha ɗaya kuma ya haura miliyan 48, fiye da jama'ar Nijar gaba ɗaya har da jarirai. Kuma a kowane lokaci aka tsayar da lissafin, kusan mutum 4 cikin 5 suna hawan ƙarshe ne, sun biya ba su da kowa a ƙarƙashinsu. Ribar na sama ita ce asarar waɗannan, babu wata rijiya da kuɗin yake ɓuɓɓugowa daga ciki. Maƙwabtanmu na Najeriya sun ɗanɗana wannan a Disamban 2016 lokacin da MMM, wani tsarin zuba kuɗi na kawo-mutum, ya rufe asusun mutane. Bambancin kawai shi ne MMM bai sa rigar tikitin jirgi ba.

Na taɓa karɓar wata mata a ajans ɗinmu da ta zo da irin wannan kati a hannu, tana roƙon in taimaka mata in fitar wa ɗan'uwan mijinta tikiti, domin ta karɓi kuɗinsa ta shiga shafinta ta kasa. Abin da ta riƙe a matsayin tikiti takardar ajiye kujera ce kawai, mai haruffa 6, wadda take mutuwa idan ba a biya ba. Tikiti na gaskiya yana da lamba 13, ukun farko na kamfanin jirgin ne, kamar 071 na Ethiopian ko 235 na Turkish, kuma babu wanda ya taɓa koya mata wannan a cikin watannin da ta yi tana biyan kuɗin wata. Mun gyara tafiyar, amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne da ta ce ta shigar da ƙanwarta da matan unguwarsu biyu da kuɗin adashinsu, kuma yanzu ba ta iya zuwa suna ko biki inda za ta haɗu da su. Kuɗi ana mayar da shi a hankali. Kunyar da take shiga tsakanin 'yan'uwa ita ce take daɗewa, kuma ke malama ce, iyayen yara suna ganin girmanki, maganarki tana da nauyin da kamfanin yake so ya ara.

Game da katin kuma, kada ya ruɗe ki. Katin da otal-otal da kamfanonin jirgi suke girmamawa shi ne na IATA, kuma a Amurka ba a ba da shi sai mutum ya nuna ya sami aƙalla dalar Amurka 5,000 a shekara daga sayar da tafiya. Katin da kamfani ya buga da kansa ya miƙa wa duk wanda ya biya ba ya wajabta wa kowane otal ya rage miki ko dala ɗaya.

Ta fuskar addini, dillanci halal ne, la'ada a kan cinikin da ya tabbata ba ta da laifi. Amma Kwamitin Fatawa na Dindindin na Saudiyya ya ba da fatawa a shekarar 1425 ta Hijira, wato 2004, a kan kamfanoni masu tsarin dala irin su Biznas, ya ce haramun ne, domin abin da mai shiga yake nufi shi ne kason ba hajar ba, ya ba da kuɗi kaɗan don ya sami kuɗi mai yawa, ga jahilcin abin da zai samu, ga cin dukiyar mutane ba da haƙƙi ba. Ki kai wa malamin da kika amince da shi takardar tsarin biyan kamfanin da kanta, kada ki kai masa bayanin bakin wanda ya gayyace ki.

Kafin ki ba da ko jika ɗaya, ki tambayi ƙawarki cikin mutunci tafiya nawa ta sayar wa wanda ba ɗan ƙungiya ba a wata 6 da suka wuce, da nawa ta shigo mata daga wannan, dabam da abin da ya shigo daga shigar da mutane. Ki nemi lambar IATA ta ajans ɗin da take fitar da tikitin, da lasisin da ya ba su damar sayar da tafiya a Nijar, da rajistar kasuwanci da lambar haraji ta NIF, da adireshin ofishin da za ki kai ƙara idan kuɗin matafiyi ya salwanta. Ki nemi takardar da take nuna abin da matsakaicin ɗan ƙungiya yake samu a shekara, domin kamfanonin Amurka da yawa suna wallafa ta, kuma a can ne ake ganin gaskiyar da ba a faɗa a taro. Idan aka amsa miki da cewa kujeru sun kusa cika, ko aka ce masu yawan tambaya ba sa arziki, wannan ma amsa ce.

Idan kuma zuciyarki tana son sana'ar da gaske, hanyarta tana nan cikin gari kuma ba a biyan kuɗin shiga. Ki je wata ajans mai lasisi da shago da aka sani, ki ce za ki riƙa kawo matafiya a ba ki la'ada, a rubuta yarjejeniyar, kuɗin matafiyi ya shiga hannun ajans kai tsaye a ba shi rasit da sunanta, ke kuma ki karɓi naki bayan an gama. Mata masu niyyar Umara da yawa sun fi sakewa da mace 'yar'uwarsu wajen zancen fasfo da allurar rigakafi da masauki kusa da Harami, kuma wannan gurbi ne da ajans da yawa ba su cike ba. A lokacin hutun makaranta ki roƙi a zaunar da ke kusa da mai yanka tikiti ki koyi Amadeus, ki san ƙa'idojin kaya da canjin rana da biza. La'adar farko ƙarama ce, wataƙila ba ta wuce kuɗin cefane ba, amma daga aljihun matafiyin da ya tafi ya dawo lafiya ta fito. Ƙawarki kuma kada ki yanke ta. Ki zauna da ita ku yi lissafin jika 420 ɗin nan tare a kan takarda, da abin da ta biya zuwa yau da abin da ya dawo mata, sannan ki taya ta duba yadda ake dakatar da cirar kuɗin wata daga katinta kafin wata mai zuwa ya kama.